Bayan Agogon Santa Rufina Ya Tsaya

Talata, 10 ga Maris, 1846. Ƙarfe biyu na rana

Wannan ba littafin jirgi ba ne. Littafin jirgi yana kan tebur, kowa na iya buɗewa, a cikinsa na rubuta: babu iska, kyaftin ba ya jin daɗi. Saura a nan zan sa shi, gwargwadon abin da hannuna ya yarda.

Ni ce Baltasara, 'yar Casimiro Rumiche na Paita, kyaftin ɗin Santa Rufina. Na rubuta haka ne don in wani ya tsinci littafin ya san gidan da zai kai shi. Kwananmu goma sha shida da barin Realejo da katako da fatun shanu, mun nufi gida. Yau kwana huɗu iska ta ɗauke. Manyan zannuwan jirgi suna rataye a ginshiƙansu kamar shanyar da aka manta.

Jiya da safe Baba ya faɗi. Ya sunkuya zai ɗaure takalmi, sai na ji ƙarar kansa a jikin akwati. Gefen damansa duk ya mutu, baki ya karkace. Idonsa kaɗai ke bi na. Ni da Kawu Nicomedes, kukun jirgi, muka ɗora shi a gado. Kawu aminin Baba ne tun suna samari, shi ya riƙe ni ranar baftismata. Daga ni sai shi muka gani.

Evaristo, mataimakin Baba, ya ƙwanƙwasa da hantsi.

"Niña Baltasara, yaya jikin kyaftin?"

"Zazzaɓi ne. Ya ce kada kowa ya shigo, ƙila mai yaɗuwa ne."

"To me ya ce a kan hanya?"

"Ya ce a riƙe kudu in an samu iska."

Ya daɗe tsaye a bayan ƙofar kafin na ji takunsa.

Laraba, 11 ga Maris. Bayan tsakar rana

Babu iska.

Na fita auna rana ni kaɗai. Shekara shida ke nan da idon Baba ya yi hazo, shekara shida muna wasa ɗaya a gaban mutane. Ya ɗaga ma'aunin rana ya kai ido, ya ja tsaki, ya ce, "Baltasara, gilashin nan ya yi datti, goge shi." In karɓa, in goge, in kai nawa idon kamar ina duba ko ya fita, in sauko da rana bakin ruwa. Ya karɓa ya faɗi lambar da na raɗa masa. Lissafin kuma ni ke yi a ɗaki, ƙofa a rufe.

Yau babu mai cewa in goge. Mutum takwas suna kwance a inuwar zane suna kallona. Zenón, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Niña, har yanzu bai gogu ba? Kawo in tofa masa yawu, in akwai saura." Aka yi dariya, ba mai yawa ba.

A watan nan rana tsakar ka take bi, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, awon sai da juyi da karkata wuya. Na samu digiri uku arewa da Layi, wanda ya raba duniya biyu. Inda muke jiya ke nan.

Akwai abin da ban rubuta jiya ba. Yau ma ba zan rubuta ba.

Alhamis, 12 ga Maris. Hantsi

Agogo ya tsaya.

To, na rubuta. Babban agogon jirgi, wanda ke cikin akwatinsa a gefen gadon Baba, wanda ke riƙe mana lokacin ƙasar Ingila. Kullum ƙarfe takwas Baba ke murɗa shi, da hannunsa, bai taɓa bar wa kowa ba, ko ni. Ranar Litinin ƙarfe takwas ina riƙe da kansa ina goge masa baki. Ban tuna ba sai Talata, da ɗakin ya yi wani irin shiru.

Na murɗa, na girgiza, ya tashi. Amma sa'a nawa ya kwana, Allah kaɗai ya sani. Rana takan gaya mini nisanmu arewa ko kudu. Gabas da yamma kuwa, sai agogon nan. Yanzu na san a kan wane layi muke, ban san a ina a kan layin ba. Ruwan nan kuma yana ja ta ƙasa, ba a gani, ba a ji.

A littafin jirgi na rubuta mil ɗari da hamsin zuwa gaɓa. Lambar ranar Lahadi ce.

Juma'a, 13 ga Maris. Ƙarfe huɗu na yamma

Kawu ya buɗe gangar ruwa ta uku ya tarar ta tsiyaye, saura laka a gindi. Daga yau kofi biyu ga kowa.

Evaristo ya tare ni a bakin matakala, hularsa a hannu. Mutumin kirki ne a aiki, ya san kowane dutse daga Tumbes zuwa Callao da ido. Amma sai yana ganin ƙasa. Lambobi ba nasa ba ne.

"A gaya wa kyaftin, mil ɗari da hamsin ba wani abu ba ne. Mu sauke kwalekwale, maza shida su ja jirgin gabas, ana sauya hannu. Kusa da gaɓa akwai iskar ƙasa."

Na shiga ɗaki, na rufe ƙofa, na tsaya ina kallon Baba yana kallona. Na ƙirga ɗari. Na fito.

"Ya ce a'a. Ya ce zufar da za su zubar ta fi ruwan da muke da shi."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"Murya ta yi ƙasa ke nan, Niña. Da can in kyaftin ya ce a'a, har kifi na ji."

Asabar, 14 ga Maris. Da la'asar

Hadari ya haɗu a yamma, muna ganin ruwa na zuba baƙi kamar labule, bai fi mil biyu ba. Aka shimfiɗa zannuwa, aka jera tukwane da bokitai har da takalman Zenón. Ya wuce ta gefe. Ko ɗigo.

Na ba Baba ruwa da cokali, rabi ya koma ta gefen baki. Idonsa a kan akwatin agogo. Tun Talata yake wannan kallo, ni ce nake kau da kai. Ashe ya ji shirun kafin ni, kwance yake yana ji, ba bakin faɗa.

Na durƙusa na ce, "Baba, na bar shi ya tsaya."

Bai rufe ido ba. Hannunsa na hagu ya yi ta lalube a kan bargo har na gane littafin taurari yake so. Na buɗe ina juya shafi, yana kallo. Da na kai shafukan wata sai ya danna yatsa, ya danna, ya danna.

Na gane. In wata da rana suna sama tare, aka auna tazarar da ke tsakaninsu, littafin zai faɗi lokacin Ingila ba tare da agogo ba. Sau biyu na taɓa yi, yana zaune kusa da ni, duka biyun na kuskure da fiye da mil ɗari. Watan kuma jiya ya cika. Sai Alhamis zai matso kusa da rana yadda ma'auni zai kama su.

Na ce, "Ba zan iya ba." Ya sake dannawa.

Lahadi, 15 ga Maris. Da safe

Kawu ya mayar da ruwan kofin Baba cikin ganga. Baba ba zai ƙara sha ba.

Litinin, 16 ga Maris. Tsakar rana

Babu iska. Digiri uku.

Kyaftin ya ce a gyara igiyoyin gaba. Kyaftin ya ce a jiƙa daɓen jirgi da ruwan teku kada katako ya tsage. Kyaftin ya ce yana gaishe su.

Kawu ya sa an fito da fatu ashirin daga ƙasa, wai su sha iska, aka jibge su daidai tagar ɗakinmu. Warinsu ya rufe ko'ina. Zenón ya ce ko shaiɗan ya zo ɗaukar rai a jirgin nan sai ya toshe hanci ya koma.

Na tura babban akwati bayan ƙofa. Shekara goma sha tara ina jirgin nan ban taɓa sa mata ko sakata ba. Maza takwas ne, na san sunan matan wasu, na ɗinke wa wasu rauni. Duk da haka na tura akwatin.

Kawu ya kawo wake ya tsaya yana magana ƙasa-ƙasa, bai kalli gadon ba.

"'Yata, zafin nan ba zai rufa mana asiri ba."

"Alhamis kawai nake so, Kawu."

"Gobe. Compadre na, ubanki, bai cancanci haka ba. Ke ma."

Ina kwana a ƙasa, fuskata wajen ƙofa.

Talata, 17 ga Maris. Ƙarfe uku na rana

Ban jira sun nema ba. Da gari ya waye na janye akwatin, na buɗe ƙofa, na ce wa Evaristo ya shigo. Ya shiga, ya fito da sauri, ya riƙe ƙarfen gefen jirgi ya daɗe yana kallon ruwa.

"Tun yaushe?"

"Lahadi."

"Kafin nan fa? Wa ke ta ce mana a'a?"

Kawu ya ce, "Wanda ya kai ka Realejo ya dawo da kai sau goma sha ɗaya, Evaristo. Kai dai ba makaho ba ne, kada ka yi kamar ba ka sani ba."

"Na sani. Kowa ya sani. Amma shi yana tsaye a gabanta."

Kawu ya ɗinke Baba cikin tsohon zane, da sarƙa a ƙafa. Ni na karanta addu'a. Ruwan garau yake, muna ganin farin yana sauka, yana ƙanƙancewa, ya daɗe bai ɓace ba. A jirgi mai tafiya sai a juya baya, wurin ya wuce. Mu muna nan a kansa. Mutane sun koma ɗaya gefen suna zama.

Laraba, 18 ga Maris. Da yamma

Evaristo ne kyaftin. Ya sauke kwalekwale. Sun ja daga safe zuwa tsakar rana, Santa Rufina tana bin su kamar saniyar da ba ta son kasuwa. Mutum biyu aka ɗauko a sume. Dole aka ƙara musu ruwa. Ɓawon kwakwar da Kawu ya jefar da safe, da la'asar muna hango shi.

Ba wanda ya yi mini magana. Ba wanda ya taɓa ƙofar.

Alhamis, 19 ga Maris, ranar Waliyyi Yusufu. Bayan tsakar rana

Wata ya tsaya a yamma da safe, fari, gefensa a gutsure. Awon yana son mutum uku a lokaci ɗaya. Na je wurin Evaristo a gaban kowa, don in na kai shi gefe ba zan iya faɗa ba.

"Don Evaristo, agogo ya tsaya ranar da Baba ya faɗi. Laifina ne. Mil ɗari da hamsin da nake rubutawa, ban san ko gaskiya ba ce."

Zenón ya tashi zaune. "Uwarmu ta Mercedes! Wato jiya banza muka ja?"

"Ƙila."

"Ƙila! Ku ji mini, ƙila! Fatar hannuna tana jikin itacen tuƙi, ita tana ƙila!"

Wani ya faɗi kalmar da ba zan rubuta ba. Evaristo bai ɗaga murya ba, ya ce, "In kun gama, wa ya iya lissafin wata a cikinku? Ɗaga hannu." Ya jira. "Ni ma ban iya ba. Niña, me zan riƙe?"

Na ba shi tsohon ma'aunin katako ya kama tsayin rana. Kawu ya riƙe agogon aljihu yana faɗin daƙiƙa. Na kwanta rigingine a kan fatu, na jawo gefen rana har ya sumbaci gefen wata. Sau bakwai. Kowane awo sai na riƙe numfashi.

Lissafin ya ci shafi shida. Na yi sau uku, biyu sun yi kusa da juna.

Mil ɗari uku da tamanin. Ruwa ya ja mu yamma duk kwanakin nan.

Na fita na faɗa. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Kawu ya ce kofi ɗaya daga yau, zai kai kwana takwas.

Juma'a, 20 ga Maris. Tsakar rana

Babu iska.

Asabar, 21 ga Maris. Tsakar rana

Babu iska. Harshena ya kumbura, biskit ba ya haɗiyuwa. Na shanya bargon Baba, na wanke ɗakin da ruwan teku sau biyu, har yanzu dai. Taku huɗu daga ƙofa zuwa taga, taku huɗu in dawo. Waje ma haka ne, sai dai babu rufi.

Na sake duba shafi na huɗu.

Kawu ya kama Zenón yana jiƙa rigarsa a teku yana tsotsa. Ya mare shi, sannan ya zauna kusa da shi.

Lahadi, 22 ga Maris. Hantsi

Gashin goshina ne ya fara ji. Sai zanen sama ya yi fat, ya sake yin fat, ya cika. Daga kudu maso yamma, mara ƙarfi, kamar numfashin mai barci. Ba wanda ya yi ihu, tsoron kada ta ji ta gudu.

Evaristo yana so a miƙe gabas sak, gaɓa mafi kusa. Na shimfiɗa masa taswira.

"Can babu komai sai kurmi da laka, ruwan kuma zai mayar da mu arewa cikin wani wurin da babu iska. Gabas maso kudu. Atacames, akwai kogi."

"Ya fi nisa?"

"Da mil ashirin."

"In lissafinki daidai ne."

"In daidai ne."

Ya shafa gemunsa. "Sau biyu kin yi mana ƙarya, Niña."

"Sau biyu. Ranar Alhamis kuma na faɗa muku abin da ba wanda zai gano da na yi shiru."

Ya juya ga mai riƙe da sitiyari ya ce, "Gabas maso kudu."

Mun bar wurin Baba. Ban leƙa ba.

Talata, 24 ga Maris. Da la'asar

Mil sittin da takwas jiya, saba'in da ɗaya yau.

Zenón ya ci gaba da shan ruwan teku a ɓoye. Tun safe yake surutu, yana kiran akuyoyin uwarsa da sunayensu. Da rana ta karkata hankalinsa ya dawo, ya ce a kira ni. Leɓensa sun tsattsage, sun yi baƙi.

"Niña mai gilashi. Saura nawa?"

"Ɗari biyu da sittin."

"Ke dai ba ki iya lallashi ba. Ki ce ashirin mana."

"Ashirin, Zenón."

"Maƙaryaciya," ya ce, yana ƙoƙarin dariya. Na ɗiga masa rabin kofina. Ya riƙe bakin siket ɗina bai saki ba, sai Kawu ne ya zo ya buɗe yatsun, ya rufe masa ido.

Da ban bar agogon ba, da. Ban san da me ba. Iskar ba ta agogo ba ce. Amma da.

Alhamis, 26 ga Maris. Da safe

Iska ta ragu. Mil arba'in. Kawu ya karkata ganga ya tace ta cikin ƙyalle, rabin kofi ga kowa, launin shayi.

Shafi na huɗu. Akwai wata lambar bakwai da nake gani kamar ɗaya ce. Rubutuna ne amma ban iya karanta shi ba. In ɗaya ce, ba mu kusa da komai.

Ban gaya wa kowa ba. Wannan ba ƙarya ba ce. Ban sani ba ne kawai.

Juma'a, 27 ga Maris. Tsakar rana

Babu ruwan sha. Digiri ɗaya arewa da Layi, daidai bakin kogin, in kogin yana inda na ce. Na ce a miƙe gabas. Bisa lissafina gobe da safe ya kamata a ga ƙasa. Evaristo ya tambaya, na faɗa masa. Kowa ya ji.

Asabar, 28 ga Maris. Ƙarfe goma na safe

Babu komai. Ruwa, ruwa. Suna hawa ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya, suna saukowa ba sa kallona.

Ƙarfe biyar na yamma

Reshen itace, da ganye a jiki, ɗanye. Evaristo ya sa ƙugiya ya ɗauko, ya shinshina, ya miƙa mini. Bayan sa'a ɗaya ya nuna wani shuɗi-shuɗi a ƙasan gajimare, ya ce, "Tudun Atacames ne. Wannan kam na san shi." Ya zauna a kan igiya ya rufe fuska da hula.

Na kuskure da mil talatin.

Lahadi, 29 ga Maris. Da la'asar

Mun jefa anka da hantsi. Na bi kwalekwalen farko da gangunan. Ƙafata ta ƙi ƙasa, ina tafe ina tangaɗi. Mazan suka faɗa kogi da kayansu suna sha kamar shanu, Kawu yana bin su da zagi, a hankali 'yan banza, za ku fashe.

A bakin kogin akwai wata tsohuwa baƙa tana gasa ayaba a kan garwashi, taba a bakinta. Ta miƙo mini ƙwarya, ta riƙe gindinta don kada in shanye gaba ɗaya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi jirgin.

"Matar wanne ce ke a cikinsu?"

"Ba ta kowa ba."

"To me kike yi a jirgin maza?"

Na sake kurɓa.

"Ni na kawo shi."

Na jira dariya. Ta cire tabar, ta kama hannuna ta juya, ta ga tawada da tsagar gishiri, ta dubi idona na dama da ya yi jawur.

"Daga ina?"

"Realejo. Kwana talatin da biyar."

"Duka kuka iso?"

"Ban da biyu."

Ta gyaɗa kai. Ba ta tambayi su wa ba. Ta zaro ayaba mafi girma daga wuta, ta ɓare, ta hura, ta sa mini a hannu.

"Zauna, 'yata. Wanda ya kawo jirgi shi ke fara ci."

Na zauna a kan yashi. Na ci rabi. Sai abin ya taso mini daga ciki, tun na ranar Lahadin can, na kife kaina a cinyarta, matar da ban san sunanta ba. Ta bar ni. Da hannu ɗaya take juya ayabarta, ɗayan yana kan wuyana, har ruwa ya fara cikowa Evaristo ya aiko a ce gangunan sun cika.